Wankan Hajiya Baturiya

"Ku tallabe ta ta nan! Kai direba, kashe motag ga mana, hayaƙi za ka shaƙe mu da shi?"

Taibatu ce ke ba da umarni, alhali ba wanda ya sa ta. Ƙarar tsayuwar mota ce ta fito da ita daga gida da ludayi a hannu, ta tarar an dawo da maƙwabciyarta Hajiya Baturiya daga asibiti, ana ta fama a fito da ita. Ƙofar motar a wangale take, amma Hajiya ta cika ta. Ƙafafunta sun kumbura sun yi suntum, numfashinta na fita da ƙyar kamar ana zuga wuta. 'Yarta Fiddausi, wadda ta baro ɗakinta a Bakura ta zo jinya, ta shiga ta ɗaya ƙofar tana turowa. Maigidan kuwa, Alhaji Balarabe, yana tsaye gefe da hula a hannu, ya rasa inda zai kama.

Kafin ka ce kwabo yaran layi sun yi dandazo. Daga bayansu wani ya ce, "Sai dai a ɓalle ƙohwar motar." Aka bushe da dariya.

"Ku ɓace mani da gani, marasa kunya!" Taibatu ta yi kansu da ludayi, suka watse kamar kaji.

Hajiya dai ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Da ƙyar aka tsayar da ita, hannu ɗaya a wuyan Fiddausi, ɗaya a wuyan Taibatu, suka nufi zaure taku ɗaya hutu ɗaya. Suna cikin duhun zauren ne murya ta fito daga ƙarƙashin mayafin, can ƙasa, yadda Taibatu kaɗai za ta ji.

"Ta Jangebe, ke ma kallo kinka hito?"

Taibatu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta dai ƙara gyara kafaɗa.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu, a wata unguwa cikin Talata Mafara. Tun da aka kawo Taibatu amarya daga Jangebe ta tarar da Baturiya a nan, kuma tun lokacin kwano ke tsallaka katangar nan safe da yamma. Alhaji Balarabe dillalin shinkafa ne, yana saro ta daga fadamun Maradun da Bakura, gidansa ba a san tuwon dawa ba. Tuwon shinkafa ne malmala uku, man shanu har ya kwanta a kan miya, fura da sukari, lemon kwalba kiret-kiret a ƙarƙashin gado. Kullum Hajiya na ƙara cika, Alhaji na ƙara washe baki a majalisa yana cewa, "Jikin mace shi ka shaidar mijinta."

Da tafiya ta yi tafiya sai ga ciwon suga, ga hawan jini, gwiwoyi suka ce ba su san zancen ba. Salla ta koma kan kujerar roba. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Rifkatu, da ke haya a ƙarshen layin, ita ta zaunar da Hajiya ta gaya mata gaskiya. Ta ce tuwo ya dawo kamar dunƙulen hannunta, ta cika sauran kwanon da zogale da rama da wake, ta yi sallama da lemo, kuma kullum ta yi tafiya har sai ta yi gumi. To, tafiya a ina? In ta fita titi yara za su bi ta. Sai ta mai da tsakar gidanta hanya.

Duk wannan Taibatu ba ta sani ba. Ita dai wata safiya ta taka turmi za ta shanya kuɓewa a kan katanga, sai idonta ya faɗa gidan. Ga Hajiya Baturiya, wadda ko buta sai an miƙa mata, tana zagaya rijiya, hannuwa na lilo, carbi a yatsa, baki na motsi. Ta zaga, ta sake zagawa, ta kuma zagawa. A satin nan kuwa akuyar Taibatu ta yi ɓari, ƙosan da take sayarwa ma yana kwantai. Ko kallabi ba ta gyara ba ta nufi gidan ƙawarta Zuhura mai kitso.

"Zagayen rijiya da sanyin sahiya, baki na motsi?" Zuhura ta saki kan da take kitsawa. "Taibatu, tashi tsaye. Wanga aikin boka na, kuma katangarku guda."

Maganar da ta shiga gidan kitso ai ta hau mota. Kafin Juma'a ta zagayo ta isa majalisar su Alhaji. Ya shigo gida yana huci, ya ce ana nuna shi da baki a masallaci, kada ya sake ganin an zaga masa rijiya, kuma a daina dafa abincin awaki a gidansa kamar wanda ya karye.

Sai bayan watanni Taibatu ta ji yadda abin yake. Rifkatu ce ta tsaya sayen ƙosai, fuskarta ba walwala.

"Taibatu, kin san Hajiya har ta fara salla a tsaye? Ranar da goshinta ya taɓa ƙasa aikowa ta yi aka kira ni, na same ta tana kuka don murna. Ban san wanda ya ɓata mana aikin nan ba, amma Allah na ganinsa."

Ƙosan da ke cikin kasko a lokacin sai da ya ƙone ƙurmus. Taibatu ta yi niyyar shiga gidan ta warware zancen, ta kai har zaure ta juyo. Ta sake niyya, ta sake fasawa. Daga ƙarshe abin da ta iya kawai shi ne ta ƙara man shanu a kwanon da take miƙawa ta katanga, don ita ba ta san wata hanyar ba da haƙuri ba. Hajiya kuwa ta koma kan kujerarta ta roba, daga nan sai gado.

Kwanaki kaɗan da dawowa daga asibiti, bayan la'asar, Fiddausi ta leƙo ta katanga.

"Inna Taibatu, Hajiya na kira."

Ta yafa mayafi ta zagaya. Ɗakin na warin man zafi da turaren wuta, fanka na juyawa a hankali, kwanukan jere na ƙyalli a cikin kabad. An tokare Hajiya da filo huɗu, don in ta kwanta sosai numfashi ɗaukewa yake.

"Sannu Hajiya. Ya jiki? An samu sauƙi?"

"Da godiya. Ya gida, ya yara, ya kasuwa?"

"Lahiya lau."

Hajiya ta dubi Fiddausi. 'Yar fari ce, ba ta kiran sunanta. "Yarinyag ga, ba mu wuri." Sai da labule ya daina motsi sannan ta ci gaba. "Ta Jangebe, likita ya ce zuciya ta gaji da ɗaukata. Na san abin da ka tahe."

"Haba Hajiya, cuta ai ba mutuwa ba ta, Allah shi ka..."

"Bari. Ba ni da numfashin gardama. Ke za ki yi mani wanka."

Taibatu ta ɗago kai a firgice. "Ni? Hajiya, ga Goggo Umma can Maradun, yayar Alhaji, ita ka wanke matan danginku tun ban zo garin ga ba. Ni wace ce?"

"Shi ya sa." Hajiya ta tsaya ta ja iska. "In Umma ta wanke ni, kahin a rufe kushewata kin san tsawona da hwaɗina. Za ki kai mata goro, ki raɓa kusa da ita, ki ce, 'Allah sarki, ta sha jiki ko?' Ita ko ta buɗe baki. Wanshekare kina gidan kitso."

Ta yi wata 'yar dariya da ta rikiɗe ta zama tari. Taibatu ta rasa inda za ta sa idonta, ta kafe shi a kan ledar ɗakin.

Hajiya ta ci gaba. "Amma mai wanka ta gari ba ta hwaɗin abin da ta gani, ko ke kin san wannan. In na ba ki aikin, na ɗaure bakin unguwa gaba ɗai. Ke da yarinyag ga, ku biyu. Kada ki bari ko mutum guda shi ƙaru. Kallon da anka yi mani da raina ya isa."

Hawaye suka cika idon Taibatu. Ta matso. "Hajiya, zancen rijiyan nan..."

Hajiya ta lumshe ido. "Miƙo mani ruwa."

Ta miƙa mata. Ba a sake tada maganar ba.

Ranar Juma'a da hantsi, Taibatu na gaban kasko, ta ji salati ya tashi ta bayan katanga, sai kuma kukan Fiddausi. Ta bar mai a kan wuta ta fita ba takalmi.

Kafin rana ta take gidan ya cika. An sa jana'iza bayan an sauko daga masallaci, lokaci ya ƙure. Taibatu ta sa an ɗora ruwa, ta aika an tsinko ganyen magarya, tana cikin tace shi ke nan bas ta tsaya a ƙofar gida. Mutanen Maradun ne. Goggo Umma ce a gaba, doguwar tsohuwa busasshiya, tun daga zaure take naɗe hannun riga, mata uku na biye da ita. Ga kuma Zuhura mai kitso ta ɓullo da bokiti, ta sha ɗamara.

"Aikin ga ba na mutum guda ko biyu ba na," in ji Zuhura, da ƙarfi don kowa ya ji. "Juya ta kaɗai sai mutum shida. Lada muka nema."

Taibatu ta riga su isa ƙofar ɗakin. Ta tsaya a tsakiya, ta dafa dogaran ƙofar da hannu biyu.

"Goggo, sannunku da hanya, ya haƙuri. Ku yi mani aikin gahwara, ta bar wasiyya. Ni da ɗiyarta za mu yi."

Goggo Umma ta dube ta daga sama har ƙasa. "Ke a wa?"

"Maƙwabciya."

"Mai ƙosai ta," wata ta faɗa daga baya.

"Au, ke ta Taibatun?" Goggo ta tafa hannu. "To, yau na ga ikon Allah. Ba ke kinka ce matar ƙanena na zagayen rijiya tana yi maki asiri ba? Har Maradun munka ji shi, da sunanki a kai. Ke kinka zaunar da ita, yanzu kuma ke za ki wanke ta? Kauce ki ba ni wuri!"

Matan da ke tsakar gidan sun fi arba'in, kuma babu wadda ba ta san zancen ba, rabinsu ma daga bakinta suka ji. Taibatu ta so ƙasa ta tsage ta shige. Da ta matsa taku ɗaya gefe, da shi ke nan, ta huta. Ta bayan labule tana jin sanyin ɗakin a gadon bayanta.

"Ni ta, Goggo," ta ce. "Duk abin da kinka ce haka na. Amma ba ni kaucewa."

"A kira mani Balarabe!"

Fiddausi ce ta tafi zaure. Sai ga muryar Alhaji daga can, kamar ba tasa ba.

"Yaya, ku yi haƙuri. A bi abin da ta ce."

Goggo ta ja tsaki ta nemi tabarma. "Mu gani in tusa za ta hura wuta. In kunka gaji kun kira mu."

Taibatu ta ja Fiddausi ciki, ta tura ƙyaure ta sa sakata. Ta cusa tsumma a kafar makulli, ta sauke labulen taga.

Abu na farko, ta ɗauki karan dawa ta auna tsawo, ta yi masa tsaga a inda faɗi ya tsaya, don masu haƙa kabari. Ba ta miƙa shi ta hannun mata ba. Ta naɗe shi a tsohon zane, ta ce wa Fiddausi, "Hannun babanki, ba na kowa ba."

Sannan suka lulluɓe Hajiya da zane daga wuya har ƙafa, Taibatu ta naɗe hannunta da ƙyalle ta yi bisimilla. Ta yi mata alwala, ta tsefe kitson ta wanke gashin a hankali kamar mai tsoron kada ta ji zafi. Abin da ke ƙarƙashin zanen kuwa, hannunta ya sani, idonta ya ga abin da ba makawa sai ya gani, ya tsaya nan.

Wahalar ta zo wajen juyawa. A lokacin jinya Rifkatu ta koya wa Fiddausi yadda ake juya mara lafiya da zanen gado, a kama gefe ɗaya a ja. Amma a lokacin Hajiya na taimakawa da kanta. Yanzu kuwa suka ja, suka sake ja, zanen ya yi ƙara zai yage, ko gezau. Gumi ya jiƙe su sharkaf. Wani abu ya ɗaure a ƙugun Taibatu kamar an soka mata allura.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. "Maza sun ce a yi sauri, liman ya kusa hawa mumbari!"

Fiddausi ta zube a ƙasa tana kuka. "Inna, ba mu iyawa. Mu kira ko mutum biyu, Allah ya ga mun yi ƙoƙari."

"Mu shigo?" Muryar Zuhura ce, daf da ƙyaure, kamar dama kunnenta na manne a wurin.

"A'a!"

Taibatu ta share fuska da gefen zane. Ta tattaro filon nan huɗu ta jera a gefe, ta durƙusa a kan gwiwoyinta cikin ruwan da ya malale, ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin kafaɗar Hajiya.

"Tashi, ɗiyata, kama zanen. In na ce ja, ki ja, ki tura hilo da ƙahwa." Ta sunkuya daf da kunnen mamaciyar. "Hajiya, ke kinka zaɓe ni. Taimaka mani kaɗan, kada ki ba ni kunya gaban Umma."

Ta ce ja. Fiddausi ta ja, ita ta tura da iyakar ƙarfinta har idonta ya yi duhu. A hankali, a hankali, Hajiya ta juya ta kwanta a kan filo. Suka wanke dama. Suka sake durƙusawa suka wanke hagu. Ruwan ƙarshe Taibatu ta marmasa kafur a ciki.

Da aka miƙo likkafanin da maza suka ɗinka a zaure, suka shimfiɗa, bai haɗe ba. Fiddausi ta dube ta, ta dubi ƙofa.

"Kada ki aika kowa. Tahi da kanki, ki raɗa ma babanki a ƙaro yadi, ki sako shi cikin hijabi."

Haka aka yi. Taibatu ta zauna dirshan ta haɗa ƙarin da allura da zare, ta soke yatsa sau ba adadi. Ana idar da sallar Juma'a ta zare sakata. Hajiya na kwance fari fat, a naɗe tsaf, an rufa mata babban bargo har ƙasa, ɗakin na ƙamshi. Goggo Umma ta leƙa, ta duba ɗaurin kai, ta duba na ƙafa, ta nemi abin kushewa ta rasa. Maza suka shigo da makara, mata suka kau da kai, aka fita da ita ana salati.

Da yamma aka baza tabarmi a tsakar gida. Masu gaisuwa na shigowa ƙungiya-ƙungiya, daga Bakura, daga Tsibiri, daga cikin gari, a yi addu'a a shafa, a koma 'yan ƙananan maganganu. Taibatu ta samu gindin bango ta jingina, don ƙugunta ya ƙi miƙewa. Ba a jima ba ta ji an zauna a gefenta har cinya na gugar cinya. Zuhura ce, ta kwance bakin zane ta fito da goro fari ƙal ta ɗora mata a tafin hannu.

"Sannu ƙawata, kin sha aiki. Allah shi ba da lada." Ta rage murya. "Allah sarki Hajiya. An ce sai da anka ƙaro yadi ko? Na ga Fiddausi ta hita ta dawo da abu cikin hijabi. Kuma wai bayanta duk ya... ke dai kin gani da idonki. Yaya kunka yi kunka juya ta?"

Hirar da ke kusa da su ta lafa. Wata ta gyara zama, wata ta daina jan carbi. Har Goggo Umma, da ke can kan darduma tana amsa gaisuwa, ta ɗan karkato da kunne.

Labarin kuwa yana nan a kan harshen Taibatu, ya nuna, ya haɗu tsaf. Ta san inda za ta fara, ta san inda za su riƙe baki, ta san inda za ta yi shiru su ce, "Sai me?" Kuma a cikinsa ita ce jaruma, wadda ta durƙusa cikin ruwa ta sa kafaɗa. In ta faɗe shi, daga yau ba mai sake tuna mata zancen rijiya. Yawu ya taru a bakinta. Ta buɗe baki.

"Allah shi jiƙan ta," ta ce.

"Amin, amin. Amma dai yadin..."

Taibatu ta ɓare goron biyu, ta jefa ɓari ɗaya a baki, ta bi shi da ɗayan, kumatunta suka cika. Zuhura ta jira, ta gaji da jira, ta taɓe baki ta tashi ta koma wajen mutanen Maradun. Hira ta ci gaba a wani wurin.

Ita kuwa ta zauna tana tauna a hankali, ɗacin na sauka a maƙogwaronta, hannuwanta a buɗe a kan cinya. Fatar yatsun ta yi fari ta tattare saboda daɗewa a ruwa, har yanzu ba ta saki ba.